Masu ɗaga akori-kura a gida, a duba birki da nauyi kafin a nemi tsawo

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a jaridarka in yi magana a kan wani aiki da ya yawaita a garejojinmu da ƙofar gidajenmu, wato sayen tsohuwar akori-kura, galibi Toyota Hilux, a gyara ta a gida domin ta iya shiga daji da rairayi da laka. Tun farko in bayyana matsayina: ina goyon bayan wannan aiki, kuma ni ma na yi shi. Abin da ya dame ni shi ne yadda akasarin masu yi suka ɗauka cewa ɗaga mota sama shi ne gyaran. Wannan fahimta tana jawo asarar dukiya, wani lokaci har da rai.

Ni ɗan kasuwa ne a Gashuwa, ina harkar kanwa da riɗi. Duk wanda ya san arewacin Yobe ya san cewa da zarar ka wuce Yusufari ka nufi wajen Bulatura da Tulo-Tulowa, kwalta ta yi maka sallama, sai tuddan rairayi. Idan damina ta sauka kuma, ƙauyukan da ke bakin Komadugu laka ce ke yanke su daga gari. A irin waɗannan wurare motar da ke iya shiga ba kayan ado ba ce. Ita ce ke fito da mai naƙuda zuwa asibiti, ita ke kai taki gona, ita ke kwaso amfani kafin ya lalace. Sabuwar Land Cruiser 79, wadda kowa ya yarda ita ce uwar motocin daji, ta fi ƙarfin aljihun irinmu nesa ba kusa ba. Saboda haka talaka ba shi da zaɓi sai ya sayi tsohuwa ya gyara da hannunsa.

Tawa tsohuwar Hilux ce ƙirar farkon shekarun 1990, mai injin gas 3L na lita 2.8, da aksul ɗaya miƙaƙƙe a gaba da sifirin na ganye gaba da baya. A cikin gidana muka yi aikinta, ƙarƙashin bishiyar darbejiya, ni da wani dattijon bakanike da ya daɗe yana aikin motocin daji, da wani yaro mai walda. Abin da zan faɗa a nan daga wannan aiki na koye shi, da kuma abin da idona ke gani a hanya.

Bari mu fara da tsawon. Mutum ya tsuguna ya leƙa ƙarƙashin motarsa, ya duba mene ne ya fi kusa da ƙasa. Tukunyar aksul ce, wannan ƙullutun da ke tsakiyar ƙafafun baya. Ita ce ke fara dukan dutse, ita ke tokare ƙasa idan tayoyi suka nutse a sawun manyan motoci. To, ko ka ɗaga sifirin da kamu guda, tukunyar nan tana nan inda take, domin a kan taya take zaune. Bodi ne kawai ya yi sama. Abu ɗaya ne ke ɗaga tukunyar aksul, shi ne girman taya, kuma shi ma rabin abin da ka ƙara za ka samu: idan ka ƙara inci biyu a tsayin taya, inci ɗaya tukunyar ta tashi. Amfanin ɗaga sifirin na gaskiya bai wuce biyu ba, ya ba taya gurbin motsi, ya kuma hana cikin motar da bayanta gogar tudu. Inci biyu sun isa wannan. Duk abin da ya haura haka, a irin aikin da muke yi, burga ce, kuma burga mai tsada.

Tsadarta kuwa ita ce faɗuwa. Akori-kura dama can mota ce mai tsawo, mai ɗan siririn jiki. A shekarar 2016 wata mujallar motoci ta ƙasar Suwidin ta yi wa sabuwar Hilux gwajin kauce wa abu da sauri a kan kwalta, da gudun da bai wuce kusan kilomita 60 a awa ba, sai motar ta ɗaga ƙafafu biyu har ta kusa kifewa. Daga baya kamfanin ya yi gyara a kan hakan. Wannan fa sabuwa ce dal, yadda injiniyoyi suka ƙera ta, ba a taɓa mata komai ba. Yanzu a yi tunanin wadda ta shekara ashirin tana aiki, an ɗaga ta inci biyar, an yi mata kariya ta ƙarfe ta ɗora kaya a sama, an ɗora duron ruwa da buhuna a kan kariyar, ga fasinja goma sha a zaune a kan kaya, sannan akuya ta gifta direba ya karkata sitiyari. Wanda ke zaune a bayan akori-kura ba shi da bel, ba shi da rufi. Ranar kasuwa, akori-kura ita ce motar haya a ƙauyukanmu, kuma mata da yara su ne a baya. Wannan shi ne dalilin da ya sa na ɗauki alƙalami.

Yadda ake yin ɗagawar ma wani abin tsoro ne. Na ga an yanko guntayen ƙarfe an jera su tsakanin aksul da sifirin, har a ƙafar gaba, inda duk lokacin da aka taka birki ƙarfin motar gaba ɗaya yake neman murɗe su. Na ga an tsawaita marikin sifirin da falankin ƙarfen da aka yanko daga tsohuwar ƙofa. Na ga an gasa ganyen sifirin da wutar gas an lanƙwasa shi don ya ƙara baka. Ƙarfen sifirin an dafa shi ne a masana'anta da zafi na musamman, kana kai masa wuta ka kashe shi, zai yi 'yan watanni ya kwanta ko ya karye ba gargaɗi. Haka kusoshin nan masu kama da baka da ke ɗaure sifirin da aksul, idan aka kwance su sabbi ake sa wa, domin sun riga sun miƙe a ɗaurin farko. Kuɗinsu bai kai na fitila ɗaya daga cikin fitilun da ake jerawa a saman mota ba, amma su ne ake yi wa rowa. Shasi kuma ba wurin gwajin walda ba ne. Idan ya zama dole a ƙara masa ƙarfi, a jikin gefensa ake liƙa faranti, ba a huda leɓensa na sama ko na ƙasa, kuma a cire kan batir kafin a kunna injin walda, musamman a motocin da ke da kwamfutar inji.

Masu Hilux ƙirar 2005 zuwa sama, wadda ake ce wa Vigo, nasu ya fi laushi. Ƙafar gabanta ba aksul ɗaya ba ce, kowace taya da hannunta da shaf ɗinta. Ka ɗaga ta fiye da inci biyu, shaf ya karkace ya riƙa aiki a tsaye, robarsa ta yage, yashi ya shiga, boljoyin ya kai ƙarshen motsinsa. Mai mota ya yi ta zuwa kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano sayen shaf yana zagin kayan zamani, alhali laifin yana wurin ɗagawar.

Akwai wani ɗan ƙarfe da nake so kowane mai tsohuwar Hilux ya sani, domin da yawa ko a cikin masu gyara ba su damu da shi ba. A ƙarƙashin mota, wajen baya, akwai wani bawul a kan layin man birki, da siririyar sanda da ta haɗa shi da aksul. Aikinsa auna nauyin kaya. Idan aka yi lodi bayan mota ya sauka, sandar ta tura shi ya ƙara wa birkin baya ƙarfi. Idan babu kaya ya rage, don kada tayoyin baya su daskare motar ta juya. To da zarar ka ɗaga sifirin, bawul ɗin zai ɗauka kullum motar wayam take, ko da buhu goma ne a kanta, sai ya bar birkin gaba shi kaɗai da aikin tsayar da ita. Direba zai ce birkinsa ya yi sanyi, a canza masa takalmin birki, a canza mai, a banza. Maganin bai wuce a ɗaga mazaunin sandar daidai da abin da aka ɗaga motar ba, aikin ɗan lokaci kaɗan. Tare da shi a duba robar man birki, domin idan taya ta faɗa rami ta rataya, gajeriyar roba tsinkewa take yi. Dattijon da ya yi mini aiki ya ƙi taɓa sifirin sai da muka gama da birki, sitiyari da boris na ƙafafu huɗu. Na ga hikimar hakan, kuma da za a tambaye ni tsarin aiki, wannan zan ba kowa.

Sai taya, wadda a ganina ita ce rabin motar daji. A nan ne ya kamata kuɗi su tafi, amma a nan ne ake sayen 'yar Kwatano da ta gama rayuwarta a Turai. A gefen kowace taya akwai lambobi huɗu da ke nuna ranar ƙirarta: idan ka ga 2319, an yi ta a mako na 23 na shekarar 2019. Roba tana tsufa ko ba a taka ta ba, kuma zafin watan Afrilu a yankinmu ba ya yi wa tsohuwar roba afuwa. A nemi taya mai alamar LT ko C, wato wadda aka yi don ɗaukar kaya, mai kaurin gefe da ƙayar aduwa ba za ta huda cikin sauƙi ba. Sabuwar taya matsakaiciya ta fi tsohuwar ƙatuwa ta kowace fuska.

Girman taya ma yana da lissafinsa. Hilux ta zamani da ke zuwa da taya mai lamba 265/65R17, tsayin tayarta inci 30 da ɗan rabi ne. Ka mayar da ita inci 33, ka ƙara kusan kashi 8 cikin ɗari. Ma'anarsa allon gudu yana nuna maka 100 kana kan 108. Ƙarfin da inji ke kaiwa ƙasa ya ragu da wannan kason, haka ma ƙarfin birki. Motar za ta riƙa nishi a kan tudu, kuloci ya ƙone da wuri, shan mai ya ƙaru, a wannan zamani da kowa ya san yadda mai ya koma tun daga 2023. Mutane suna ganin hotunan Hilux masu manyan tayoyi na ƙasar Aisland, irin waɗanda kamfanin Arctic Trucks ya shirya da taya inci 38 aka keta ƙanƙara da su zuwa can ƙuryar arewacin duniya a 2007, sai su ce su ma haka suke so. Abin da hoto ba ya nunawa shi ne waɗancan sun yanke bodi sun faɗaɗa gurbin taya don kada motar ta yi tsawo da yawa, sun kuma canza haƙoran aksul don su dace da girman tayar. Wanda ba zai iya canza haƙoran aksul ba, ya tsaya a inci 31, zai je duk inda yake so a ƙasar nan.

Kuma sirrin rairayi ba a girman taya yake ba, a iskar da ke cikinta yake. Direbobin Agadas da ke bin hamadar Tenere zuwa Dirku da Jado sun san wannan tun kafin a haifi yawancin masu ɗaga mota na yau, kuma motocinsu ba wani tsawo ne da su ba. Kafin ka shiga yashi ka sauke iska, daga abin da kake tafiya da shi a kwalta zuwa wajen 18 a geji, ko sama da haka kaɗan idan lodi ya yi nauyi. Tayar za ta baje ta yi shimfiɗa irin ta tafin raƙumi, motar ta hau kan yashin maimakon ta haƙa shi. Da iska a sauke ba a gudu, ba a karya kwana da ƙarfi, don kada taya ta fice daga wili. Kana dawowa kwalta ka mayar da iskar, in ba haka ba tayar ta yi zafi ta fashe. Saboda haka geji mai kyau da famfon iska mai aiki da batir sun fi winci, wato injin jan mota da igiya, amfani a wurinmu. Winci yana buƙatar abin da za a ɗaura shi, a tsakiyar tuddan Tulo-Tulowa kuwa wace bishiya za ka ɗaura? Shebur, faranti biyu na ƙarfe ko katako da za a shimfiɗa ƙarƙashin taya, katako mai faɗi na ɗora jak, da igiyar ja mai ƙarfi, su ne kayan aiki. Igiyar ma a ɗaura ta a ƙugiyar da ke jikin shasi. Kada a kuskura a rataya ta a ƙwallon jan tirela, domin idan ya ɓalle yana tashi ne da ƙarfin da zai kashe mutum.

Nauyi kuma lissafi ne da ba ya ƙarya. Hilux kusan tan ɗaya aka yi ta ta ɗauka, kuma a cikin tan ɗin nan har da direba da fasinja da duk ƙarfen da ka liƙa mata. Bamba ta ƙarfe da winci na iya haura kilo 70. Ƙara kariya, safaya biyu, jarkokin gas, duron ruwa mai lita 200 wanda shi kaɗai kilo 200 ne. Kafin a ɗora buhun farko an cinye kusan rabin abin da motar za ta iya ɗauka. Ƙara ganyen sifirin yana hana bayan mota zama, gaskiya ne, amma bai ƙara wa aksul ko boris ko birki ko shasi komai ba. Shasin mai gida biyu da ke lanƙwashewa a bayan kan mota, daga nan yake samo asali: kaya masu nauyi can bayan tayoyi, sifirin mai tauri, da rami guda a kan gudu. Mai nauyi ya zauna ƙasa, gaban aksul na baya. Sama ta tabarma ce da buhun tufafi.

Sauran abubuwan ba sai na tsawaita ba. A wanke lagireto a tabbatar fanka na aiki, domin tafiya a yashi da ƙaramar giya tana dafa inji. Bututun shaƙar iska da ake ɗagawa gefen gilashi yana rage ƙura, amma sai an toshe duk mahaɗarsa, kuma bai mayar da mota kwalekwale ba. Injin gas ya shaƙi ruwa kaɗan, sandunan fistin sun lanƙwashe. Masu ratsa ruwa da damina su ja wa aksul da giyabos dogon tiyo na numfashi zuwa sama, in ba haka ba mai ya koma fari kamar madara a cinye haƙora. Giyar taimako kuma ta yashi da laka ce. A bar ta a kunne a kan busasshiyar kwalta, furofela da giyabos su ɗaure kansu har wani abu ya karye.

Ina da magana da masu bamba irin ta shingen ƙarfe da jerin fitilu masu kashe ido. A daji bambar tana da amfani. Amma motar nan cikin gari take kwana, tana bin gaban makarantar firamare da bakin kasuwa, kuma ƙarfen da ba ya lotsewa idan ya sami yaro ko ɗan acaɓa, jikinsu ne ke lotsewa. A yi ta daidai faɗin mota, ba kaifi, ba ƙahonni. Fitilun daji kuma a ba su makunninsu daban da fis ɗinsu, a kashe su idan an hau titi. Wanda ka makantar da shi da haske a hanyar Gashuwa zuwa Nguru kanka zai nufo.

Batun fenti ma ba ƙarami ba ne a yankinmu. Tun yaƙin Cadi da Libiya na 1987, wanda duniya ta laƙaba wa sunan Toyota saboda rawar da akori-kura ta taka a fagen daga na Fada da Wadi Dum, ake kallon motar nan a matsayin abin da ke iya zama makami, kuma abin da arewa maso gabas ta gani a shekarun nan ya ƙara tabbatar da wannan kallo. Saurayin da ya shafa wa motarsa launin soja, ya baƙanta gilasai, ya kafa tsayayyen ƙarfe a baya, yana jefa kansa da fasinjansa cikin haɗari a kowane shingen bincike, ban da cewa doka ta hana farar hula amfani da koren soja a mota. A bar ta fara ko wani launi na gari, lamba a bayyane gaba da baya, kuma idan an canza inji ko launi a je a gyara takardu.

Daga ƙarshe ina kira ga hukumomi. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa tana nan tun 1988, ga jami'an duba lafiyar motoci a kowace jiha, ga hukumar NADDC mai kula da ƙira da bunƙasa harkar motoci, ga ƙungiyar makanikai ta NATA da ke da rassa a garuruwanmu. Hana wannan aiki ba zai yiwu ba, kuma ba daidai ba ne, tunda ba a yi wa mutanen karkara hanya ba. A Ostareliya, inda gyaran motar daji ya zama babbar sana'a, akwai ƙa'ida a rubuce da ta faɗi iya abin da mutum zai ɗaga da kansa, da inda dole injiniya ya duba ya sa hannu. Mu ma a rubuta mana tamu, gajeriya, da Hausa da Kanuri da Fulfulde, a karanta a rediyo, a manna a garejoji: iyakar ɗagawa, iyakar girman taya, abin da ba a yi wa walda, da yadda ake gwada birki bayan aiki. A kira masu walda na Panteka da makanikan Kano da Maiduguri da Gembu, inda tsofaffin Land Rover ke hawan Mambila da kaya har yau, a zauna da su wajen rubuta ta, domin hannu da basira muna da su. A kuma ware wuri a kowace shiyya da mutum zai kai motarsa a duba masa bisa kuɗi sananne, a ba shi takarda.

Kai kuma Malam Edita, ina roƙon ka tura wakilinka garejin da ake wannan aiki ya zauna da tsofaffin makanikai, ku buga bayaninsu da hotuna kafin damina ta kankama, lokacin da kowa ke rububin shirya motarsa.

Wassalam.

Naka mai karatu,
wani ɗan kasuwa daga Gashuwa, Jihar Yobe